Gatarin Aradu a Gonar Mode

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke bayan Dingyadi, a ƙasar Boɗinga, sunansa Mode. Mutum ne marar hayaniya. Da damina ya noma gero, da rani ya gangara fadama ya yi albasa. Abu ɗaya aka san shi da shi a garin, shi ne tsintar duwatsu.

Wanda ya san ƙasar nan ya san irin duwatsun da nake nufi. In ruwa ya zaizaye gefen tudu, sai ka ga dutse sak dodon koɗi, da murɗinsa da komai. Wani kamar haƙorin kifi, baƙi wuluk, mai tsini. Sauran manoma in fartanya ta ci karo da irinsu, tsaki suke yi su wurga kan iyaka. Mode kuwa sai ya goge da gefen riga ya jefa aljihu, in ya dawo gida ya jera a kan katanga.

Matarsa Hajara ta gaji da ɗinke masa aljihu.

"Malam, mutane na komowa gona da hatsi, kai kana komo muna da duwatsu," in ji ta. "Su za mu dahwa?"

"Ke dai duba wanga," ya ce, yana juya wani a tafin hannu. "Malam Abdulrazak na sakandare ya ce da can duk ƙasag ga teku ta. Wanga dodon koɗi ya girmi kakan kakanninmu."

"To shi girme su, amma shi bar yage mani riga."

Haka suke yi kullum, su yi dariya, a ci tuwo.

Wanda gonarsa ke manne da ta Mode shi ne Attahiru. Ƙaton mutum ne mai ƙarfi, mai saurin hannu, irin wanda in ya faɗi magana ba ya son a ce masa "amma". Yana da shanun huɗa guda biyu da yake ji da su fiye da komai.

A farkon daminar da nake ba ku labari, aka wayi gari babu shanun a turke. An yanke igiya an kora su.

Gaskiya abin da zafi, ba zan rage masa ba. Ya zaga kasuwar Boɗinga, ya zaga ta Shagari, bai ga ko mai kama da su ba. Da ya gaji, maimakon ya bar wa Allah, sai ya tafi wajen wani mai tsubbu. Da ya dawo ya tsaya a gindin dogon yaro inda maza ke zaman hira, ya ɗaga murya.

"An saki aradu! Kahin damana ta ƙare za ta jeha gatarinta gonar wanda yak kori shanuna. Kowa shi sa ido!"

Ga waɗanda ba su sani ba, gatarin aradu wani dutse ne sumul, mai siffar kan gatari, da bakinsa mai kaifi. Tun muna yara muke jin ana cewa tsawa ce ke jefo shi daga sama, kuma ɓarawo take bi da mai rantsuwar ƙarya.

Liman ya kira Attahiru gefe ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Wagga magana ba ta Musulmi ba ta." Attahiru ya kakkaɓe riga ya wuce. Mutanen gari kuwa suka ce Liman ya yi gaskiya, amma duk ranar da aka yi tsawa sai ka ga kowa yana leƙen gonar maƙwabcinsa.

Wata rana da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, da tsawa har ƙasa na girgiza. Ruwan ya yanka kwazazzabo a kan iyakar gonar Mode da ta Attahiru. Washegari Mode ya je duba ɓarna, sai ya hango wani dutse yana ƙyalli a cikin laka. Ya wanke shi. Bai taɓa samun mai kyansa ba, baƙi mai ratsin kore, sumul kamar an shafa masa mai.

Ya ji rantsuwar Attahiru kamar kowa. Amma shi bai saci komai ba, saboda haka ko a ransa bai kawo cewa maganar ta shafe shi ba. Murna ce kawai ta cika shi. Duk sanda na zo nan a labarin raina sai ya ɓaci, domin da ƙafarsa bawan Allah nan ya ɗauki dutsen ya kai gindin dogon yaro.

"Jama'a, ku duba abin da nis samu!"

Hira ta tsaya cak. Attahiru ya miƙe a hankali, ya karɓi dutsen ya juya shi.

"Ina kas same shi?"

"Gonata, nan bakin kwazazzabo."

"Kun ji ko? Da bakinai yah hwaɗi."

Sai a lokacin Mode ya gane. Ya buɗe baki zai yi magana, Attahiru ya sauke masa dutsen a goshi. Jini ya wanke masa fuska, ya faɗi a kan gwiwa.

Akwai wani Mansur, ɗan kabu-kabu, magidanci da aka sace wa injin ban ruwa da rani, tun lokacin yake neman wanda zai huce a kansa. Shi ya miƙa wa Attahiru ƙotar fartanya. Mode ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, ƙotar ta sauka a kan hannun, kowa ya ji ƙarar ƙashi.

Daga nan kuma ba a san hannun wa da wa ba. Mutanen da ya yi sahu da su a sallar asuba, su ne suka riƙa shurinsa a ciki. Suka ja shi a ƙasa har ƙofar gidansa suna ihun "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Suka kutsa cikin gidan, suka birkice ko'ina. Babu sa, babu igiya, sai jaki da awaki.

"Ya sayar!" in ji Mansur.

Hajara ta riƙe rigar Attahiru tana kuka. "Attahiru, shekara nawa kuna iyaka? Ko zangarniya guda ka taɓa rasawa?"

Ya hankaɗe ta, ta bugu da turmi. Sannan ya zaro itace mai wuta daga murhu ya cusa a jinkar rumbu. Tsakiyar damina ce, ɗan geron da ke ciki shi ne abin da za su ci har kaka. Suna kallo ya ƙone. Wasu kuma suka ture katangar da duwatsun Mode ke jere a kai, suka tattake su cikin laka.

Da Liman bai iso yana haki ya tsaya a kan Mode ba, da ranar sai dai gawa.

Hajara ce ta nemo mota ta kai shi wajen wani maɗori a Lambara. Aka ja hannun, aka ɗaure da karan ɗori, aka ce ya kiyaye shi kar ya motsa. Suka dawo gida babu mai yi musu sannu. In Hajara ta je rijiya, mata su ɗauke gugansu. In Mode ya shiga masallaci, na kusa da shi ya jawo takalmansa gabansa. Sunansa ma ya ɓace, sai dai ka ji ana cewa "mai gatari". Ciyawa ta cinye gonarsa yana gani.

"Mu tashi mu koma Sifawa wurin danginmu," in ji Hajara. "Garin ga ya ƙi mu."

"In nit tashi, na amsa sunan ke nan," ya ce. "Ɗiyana za su gaje shi. Ina nan."

"Sai sun kashe ka?"

Ya sunkuya ya tono wani dodon koɗin dutse daga cikin laka da hannun hagu, ya goge, ya ajiye a gindin katangar da ta rushe.

Ana nan sai marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana. Kwazazzabon nan ya ƙara faɗi, wannan karon ya juya ya ci cikin gonar Attahiru.

Da ruwa ya ɗauke da hantsi, Attahiru ya je duba geronsa. Ya leƙa cikin ramin. Gatarin aradu ne a jikin gaɓar, wani a kan wani, manya da ƙanana, wasu sun zubo ƙasa ruwa ya wanke su tas. Duk a cikin gonarsa.

Ya san bai taɓa satar ko allura ba. Kuma a daidai wannan lokacin ya san abin da ya yi wa Mode.

Jama'a, da a ce ya juya gari ya tara mutane ya ce, "Ku zo ku gani, na zalunci bawan Allah," da labarin nan ya ƙare a nan. Amma girman kai bai bar shi ba. Yaya za a yi Attahiru guda ya ce ya yi kuskure? Sai ya samo wani tsohon buhun taki a bukkar gona, ya tsince duwatsun tas ya cika shi, ya saɓa a kafaɗa. Nufinsa ya juye su a wata tsohuwar rijiya da ke bayan gari.

A kan hanya ya yi kiciɓis da Mansur a kan babur.

"Baba Attahiru, kawo in kai maka."

"Bar shi, ba nisa."

"Haba, ga ka kana nishi. Mi ac ciki haka?"

Mansur ya kama gindin buhun don ya taya shi. Buhun da ya sha rana ya sha ruwa, sai ya yage daga sama har ƙasa. Duwatsun suka zube a tsakiyar hanya.

Mansur ya dube su, ya dubi Attahiru. Ya sauka daga babur.

"Guda munka gani ga Mode munka karya shi. Waɗanga hwa? Ina zaka da su?"

"Mansur, tsaya ka ji. Duwatsu na kawai."

"Duwatsu na kawai? Ba kai kac ce muna aradu ba ta ƙarya ba? Ina injinina?"

Ya kurma ihu. Kafin ka ce me, hanya ta cika. Duk wanda ya taɓa rasa wani abu a garin ya iso, mai rago, mai waya, mai buhun albasa. Kowa ya ga gatarinsa a cikin tarin.

"Ashe shi ad da garin ga tun tuni!"

"Shanun ma shi yas sayar, yal laƙa ma bawan Allah!"

Attahiru ƙato ne, ya watsar da na farko da na biyu. Sai wani ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya jefe shi a ido. Ya dafe fuska, jini na bin yatsunsa, suka rufe shi. Sanda, ƙota, dutse, duk abin da hannu ya samu. Haƙoransa suka zube a laka. Yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya yana haɗa su da Allah, babu mai ji. Shi ya koya musu wannan karatun, kuma sun haddace.

Wani ya gangaro da tsohuwar taya aka rataya masa a wuya. Mansur ya zare tiyon babur ɗinsa, ya tsiyayi fetur a gora ya juye masa a ka. Aka shiga neman ashana. Wadda aka samo ta sha danshin marka, aka ƙyasta ta ƙi, aka sake ta ƙi. Wani ya ruga gida ɗauko wata.

Hajara ta ji hayaniyar ta leƙa, ta dawo da gudu fuskarta a washe.

"Malam! Allah ya isam muna! An kama Attahiru da buhu guda na gatarin aradu, yanzu haka za a ƙone shi!"

Mode yana zaune a kan tabarma da hannu a rataye. Ya dafa bango ya miƙe.

"Ina zaka?"

"Can."

"Kallo?"

"A'a."

Ta tare ƙofa. "Wallahi ba ka zuwa. Mutumin da yak karya ka? Yaƙ ƙone muna abinci? Bar shi shi ɗanɗana!"

"Hajara, na san abin da shika ji yanzu. Duk garin ga ni kaɗai nis sani. Kauce."

Ya raba ta gefenta ya fita.

Da ya iso, an kawo sabuwar ashana, tana hannun Mansur. Mode bai tsaya yi wa kowa magana ba. Ya kutsa tsakiyarsu ya faɗa a kan Attahiru ya rufe shi da jikinsa. Wani ya riga ya ɗaga sanda, bai iya tsayar da ita ba. Ta sauka a kan karan ɗori, hannun ya sake karyewa a inda ya fara haɗewa.

Ƙarar da Mode ya yi ita ta tsayar da su. Kowa ya ja baya.

Ya ɗago, fetur ya jiƙe masa riga, gumi na zuba, yana numfashi da ƙyar.

"Mansur, ƙyasta."

"Mode, tashi. Hakkinka muka karɓam maka."

"Ban aike ku ba. In dutse shaida na, ni af farko. Ni da shi duk ɓarayi na. Ƙyasta ka haɗa mu."

Mansur bai ƙyasta ba.

Mode ya miƙa hannun hagu cikin duwatsun da suka zube, ya lalubo ɗaya ya ɗaga. Gefe guda sumul, ɗaya gefen kuwa gurzau, ba a gama gyara shi ba. Ya ajiye, ya jawo wani faffaɗa mai kwarmi a tsakiya. Ya ɗora bakin gatarin a cikin kwarmin, ya zauna daram. Ya goga shi gaba da baya, sai ga irin ƙarar da kowa ke ji a gidansa ranar jajibirin Layya.

"Wa ab bai da dutsen washi gida? Ku duba da kyau. Aradu ka zama gonar Attahiru tana washin gatari? Har ta bar wani ba ta gama ba? Mutane na irinmu sunka zauna nan tun ba a san ƙarhe ba, sunka sari itace da su, sunka mutu. Ba su san shanun kowa ba."

Wani tsoho ya karɓi dutsen mai kwarmi, ya shafa da babban yatsa, ya ce "Innalillahi," ya ajiye a hankali.

Liman ya iso ya zare ashanar daga hannun Mansur, ya cire tayar daga wuyan Attahiru. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Sun gane cewa in Attahiru ba ɓarawo ba ne, to Mode ma bai taɓa zama ba, kuma kowannensu ya san inda ƙafarsa ta sauka a jikinsa.

Mota ɗaya ta ɗauki su biyun. Attahiru ya rayu, amma idon hagu ya tafi. Hukuma ta zo ta kwashi Mansur da wasu. Hannun Mode kuwa ya haɗe a karkace, maɗorin Lambara ya ce karaya biyu a wuri ɗaya sai haƙuri. Har yau ba ya iya riƙe fartanya.

Daga baya Malam Abdulrazak ya zo da wasu masu bincike suka duba kwazazzabon, suka ce wurin maƙerar mutanen da ce, ta dutse. Shanu kuwa, kar ku jira in ce an gan su. Ba a gan su ba har yau, kuma ba a san wanda ya kora su ba.

Da Attahiru ya samu ƙafa, gidan Mode ya fara zuwa. Ƙaton nan ya durƙusa a zaure yana kuka kamar yaro.

"Mode, ban da bakin da zan roƙe ka."

"Na yahe tun ranar," in ji Mode. "Tashi."

Daga bayan zana Hajara ta ɗaga murya. "Shi yay yahe. Ni ban yahe ba!"

Ni dai ban ga laifinta ba.

Attahiru bai yi musu ba. Ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa ya tayar da katangar da aka rushe. Ya gina sabon rumbu, da kaka ya cika shi daga nasa geron. Tun daga shekarar, duk damina sai ya gama noman gonar Mode kafin ya taɓa tasa. In fartanyarsa ta ci karo da wani dutse mai siffa, ba ya tsaki. Sai ya goge da gefen riga ya jefa aljihu, da yamma ya kawo ya ɗora a kan katangar, ya yi sallama ya wuce.

Hajara ba ta amsa masa sallamar. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ba ta amsa ba.

Sai bara, wata rana da yamma, ya zo ya sa hannu a aljihu ya ji wayam. Aljihun ya yage, dutsen ya faɗi a hanya. Ya tsaya yana lalube da ido ɗaya, ya koma baya yana duba ƙasa har ya samo shi, ya kawo ya ajiye.

Hajara tana kallonsa ta kafar zana. Da ya juya zai tafi, ta yi gyaran murya.

"Attahiru."

Ya tsaya cak, bai juyo ba.

"Ka ce ma matarka Safinatu ta riƙa ninka zare biyu in za ta ɗinke maka aljihu. Guda ba shi riƙe dutse."

Daga inda yake tsaye ya ce, "To, Hajara. Na gode."

Darasi: Kada ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci da camfi ko zato, kuma kada ka ɗauki doka a hannunka komai zafin abin da aka yi maka. Ma'aunin da ka kafa don ka cuci wani, da shi za a auna ka ranar da ba ka zata ba, kuma mai yiwuwa wanda ka zalunta ne kaɗai zai tsaya maka. In ka gane ka yi kuskure, ka fito ka faɗa tun kafin ka fara neman buhun da za ka ɓoye shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila ya sa wani ya sauke sanda ranar da aka yi ihun "ɓarawo" a unguwarsu.